Kura a Gaban Kyamara: Duba Hotunan Pieter Hugo

A shekarar 2005 Pieter Hugo, mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, ya zo Nijeriya neman gardawa masu wasa da kura. Wani hoto da aka ɗauka da wayar hannu ne ya jawo shi. Ya same su a gefen Abuja, ya zauna da su kwanaki, ya sake dawowa a 2007, shekarar da littafin hotunansa, The Hyena & Other Men, ya fito.

Aikin yana da ƙarfi. Hugo ya bar wasan da kiɗan da taron 'yan kallo, ya tsayar da gardi shiru a bakin titi, kura a gefensa da takunkumi, sarƙa mai kauri tsakaninsu. Mu da muka tashi muna ganin wasan kura a kasuwa, ganga ce take ɗauke mana hankali. Da aka cire gangar, sai sarƙar ta fito fili.

Duk da haka, hotunan sun mai da kura ado. Idon mai kallo yana kan jarumtar gardi, dabbar kuwa shaida ce kawai ta ƙarfinsa. Ba mu yi mamaki ba da Beyoncé ta fito riƙe da kuraye a sarƙa cikin wani bidiyon waƙarta a 2011. Hoto ba ya nuna yadda aka raba ta da daji, ko doguwar tafiya a mota daga gari zuwa gari. Alhali kura dabbar garke ce, mace ke jagora, kuma takan ci nisa da dare wajen farauta. Kakanninmu sun riga kyamara gani: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hugo ya koka cewa Turawa lafiyar dabbobin kaɗai suke tambaya, ba su damu da talaucin mutanen ba. Yana da gaskiya, gardi yana da iyali, da wasan yake tara masu sayen maganinsa. Amma yunwar gardi ba ta rage wa kura nauyin sarƙa.

Yau kowa Hugo ne. Bidiyon kura da gwaggon biri suna yawo a TikTok da Facebook, har cikin zaurukan WhatsApp na ikkilisiya, mu ma muna turawa da dariya. Kowace turawa kamar jefa kuɗi ce a fagen wasa.

'Yan'uwa masu hidima, Maimaitawar Shari'a 25:4 ta hana sa wa sa takunkumi yana sussuka. Mun haddace ayar sarai, domin Bulus ya kawo ta a 1 Korantiyawa 9 kan haƙƙin ma'aikatan bishara, mukan tuna da ita duk lokacin da majalisa ta zauna kan albashin fasto. Sau nawa muka hau bagade muka yi wa'azinta a kan san da kansa?