Gasar Rubutu: Miliyoyi a Legas, Yaran Shabu Fa?

Duk shekara, idan zangon farko na makaranta ya kama, Gidauniyar UBA kan buɗe gasarta ta rubutun insha'i ga ɗaliban babbar sakandare. Tun 2011 ake yin ta. A baki abin ba wuya: a ba da maudu'i, yaro ya rubuta da hannunsa, kada ya wuce kalma 750, a ɗauki hoton takardar a tura ta intanet. Waɗanda alƙalai suka zaɓa sai a kira su Legas su sake rubuta wani a gaban masu sa ido. A 2023 kyautar na ɗaya ta kai naira miliyan 5, don karatu a kowace jami'a a Afirka.

Abu biyu sun burge mu a tsarin nan. Na farko, kuɗin na karatu ne, ba na aljihu ba. Mun san halinmu: da a hannu ake danƙawa, kafin sati ya zagayo kawu ya zo da maganar jari, gwaggo ta tuna da kayan ɗaki. Na biyu, zaman nan na Legas. Kowa ya san yadda malami kan rubuta yaro ya kwafe, yanzu ma ga waya tana rubuta wa mutum abin da ya ga dama. To, ranar da aka zaunar da kai da biro da farar takarda, ai sai abin da ke kanka.

Inda muke da ja shi ne harshe. Da Turanci kaɗai ake shiga. Yaron unguwarmu da Hausa ya tashi, a kasuwa yana jin Eggon da Gwandara da Alago, a makarantar allo ya karanta Larabci, Turanci kuwa sai a aji, shi ma rabi da rabi. Sai a ce ya kara da wanda tun yana goye da Turanci ake yi masa wasa a Legas ko Abuja. Kafin alƙali ya kai ga tunanin yaron, nahawu ya riga ya kayar da shi. Ba mu ce an yi haka don a ware kowa ba. Amma gasar da aka ce ta ƙasa ce, abin da take aunawa ƙwarewar Turanci ne tukuna, basira daga baya. Ga shi kuma insha'i ne na kafa hujja a kan matsalolin ƙasa. Mai baiwar labari ko waƙa ba shi da gurbi.

Wani zai ce ai ga Hikayata ta BBC Hausa. Gaskiya ne, tun 2016 take fito da marubuta, har a 2022 Amira Souley daga Maraɗi ta zo ta ɗaya. Sai dai ta mata ce zalla, kuma daga shekara 18. Yarinyar da ta gama aji shida tana 16 ko 17 sai ta jira, namiji kuwa ko ya jira babu. Kyautar ma ba a ɗaure ta da karatu ba. Ka ga ke nan mai rubutun Hausa da ya fito daga ɗakin NECO ya faɗa tsakanin gasa biyu, babu wadda ta tare shi.

Abin da ya sa wannan ke mana ciwo, adabin namu ma gasa ce ta raine shi. A 1933 Rupert East ya nemi a rubuto labarai da Hausa zuwa Zariya. Wani matashin malamin Midil ta Katsina, bai wuce shekara 22 ba, ya aika da nasa. Shi ne Abubakar Imam, littafin kuma Ruwan Bagaja. Daga gasar nan aka samu Ganɗoki da Shaihu Umar. Da an ce sai da Turanci, wa ya san abin da za mu karanta a firamare?

Mu ma fa da namu laifin. Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa a nan Shabu take, muna wuce ƙofarta kullum a kan hanyar Akwanga. Jami'ar Tarayya ta Lafiya tana nan tun 2011. Amma a bana malamai nawa ne a cikinmu suka karanta wa 'yan aji shida sanarwar gasar, balle su zauna su gyara musu rubutu? Kofin ƙwallon Sallah kuwa, cikin kwana uku an haɗa kuɗinsa.

Abin da muke gani zai yiwu ba babba ba ne. Asabar ɗaya bayan an gama NECO, a tara yara maza da mata a aji guda, kowa ya rubuta labari ko waƙa, da Hausa ko Turanci, ba waya. A cire sunaye a sa lamba, a kai wa malaman jami'a da ba 'yan unguwa ba, don kada a ce ɗan wane aka ba. Na ɗaya zuwa na uku a saya musu fom ɗin JAMB, wanda ya samu gurbi a biya kuɗin shekarar farko kai tsaye ga makaranta. Masu shaguna biyu sun ce mana za su sa hannu. Tambayar da suka yi mana ɗaya ce, kuma har yau ba mu ba su amsa ba: wa zai riƙe kuɗin?