Tsintsiya da Iyan-Tama: Me Ya Sa Kannywood Ta Koma Tsoron Taɓa Gyambo?

Da a ce za a tambaye ni fim ɗin Hausa da ya fi zauna mini a rai, ba zan ce Sangaya ba, ba zan ce Wasila ba, duk da na sha kallonsu. Tsintsiya zan ce, na Hamisu Lamido Iyan-Tama. Na san wasu za su yatsine fuska da jin sunan, amma a bar ni in faɗi dalilina.

Na yi shekaru ina aiki a wata majema a Challawa. Wanda ya san wurin ya san ba a tambayar ƙabila a gaban injin fata. Bahaushe, Inyamuri, Bayarabe da Batibi, wari ɗaya muke shaƙa, wurin mai abinci ɗaya muke cin bashi. Sai ga watan Mayu na 2004, rikicin Yelwan Shendam ya fantsamo Kano, Sharada ta kama da wuta. Da ƙura ta lafa muka koma aiki, wasu abokan ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo kuma, gaisuwa ta koma ta fatar baki. Kowa na ɗauke da abu a ciki, babu mai furtawa.

Shekara huɗu bayan haka wani direbanmu ya zo da faifan Tsintsiya daga Kaduna. Labarin soyayya ne da gabar ƙabilanci ta gitta masa, an ɗauko tsarinsa daga fim ɗin Amurka West Side Story. Muka kalla a ɗakin maigadi bayan an tashi. A daren nan ne na fara jin wani abokin aikina ɗan kudu ya buɗe baki ya faɗi yadda maƙwabcinsa Musulmi ya ɓoye shi kwana uku. Abin da wa'azi da taron sulhu ba su fito da shi ba, fim ya fito da shi.

Shi kuwa mai fim ɗin, ya ga tasku. Tsintsiya ya ci kyauta a bikin finafinai na Zuma a Abuja a 2008, amma a Kano kama Iyan-Tama aka yi. Hukumar Tace Finafinai, ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta zarge shi da sakin fim ba tare da tacewarta ba, da gudanar da kamfani babu rajista. Ya musanta. A Disamba 2008 kotu ta yanke masa ɗaurin wata 15 da tarar Naira 300,000, ya kwashe kusan wata uku a kurkuku kafin ya fito.

Ba ina wanke shi tas ba ne. Mutum ne mai kaifin harshe, ba ya haɗiye magana. Ya tsaya takarar gwamnan Kano a 2007, don haka siyasa ta cakuɗu da sana'arsa. Masu ƙyamar tallafin da ofishin jakadancin Amurka ya ba fim ɗin ma suna da haƙƙin yin tambaya. Sai dai yawancin waɗanda na yi musu da su a kan Tsintsiya ba su taɓa kallonsa ba. Mutumin suke yi wa hukunci, aikin kuma suna jin labarinsa a bakin wasu.

Abin da ke damuna shi ne yayin da ake ciki yanzu. Finafinai masu dogon zango sun cika YouTube, hoto tangaran, sauti garau, amma labari bai wuce kishiya, gado, da attajiri mai neman 'yar talaka ba. Ina fim ɗin masaƙun Kano da suka mutu? Ina na lebura da ruwan sinadari ya cinye wa hannu? Ina na zaman Sabon Gari da cikin gari? Kowa ya ga abin da ya sami na gaba, ya janye ƙafa. Gani ga wane, an ce, ya ishi wane tsoron Allah.

Ga matasan daraktocinmu: ku nemi Tsintsiya ku kalla kafin ragowar faifansa su lalace. Ku soki kurakuransa, ku yi wanda ya fi shi. Labaran suna nan jibge a Challawa, Sharada da Bompai, mai ƙarfin zuciyar ɗauka kawai suke jira.