Wai Gudun Tudu Rigakafin Rauni Ne? Mu Duba Hujjar Tukuna

Akwai shawarar da ke yawo a YouTube da TikTok: wai in kana so ka rabu da rauni, ka nemi tudu ka riƙa hawa da gudu iya ƙarfinka. Hawan tudu dai ba sabon abu ba ne. Arthur Lydiard, kocin nan na Niyu Zilan, ya sa shi cikin horon Peter Snell, wanda ya ci zinare a Olamfik na 1960 da 1964. Amma cin tsere daban, tsare jiki daban, kuma a nan nake da ja.

Mu fara da inda masu shawarar suke da gaskiya. A 2005, Gottschall da Kram na Jami'ar Kolorado a Amurka sun auna yadda ƙafa ke dukan ƙasa a hawa da gangara. A hawan da ya karkata digiri 9, wannan dukan farko da ake ji in ƙafa ta sauka ya ɓace. To amma a binciken nan dai, ƙarfin tunkuɗa jiki gaba ya ƙaru da kashi 75 cikin ɗari, a gangara kuma dukan ya ƙaru da kashi 54. Ma'ana, tudu ba ya ɗauke nauyi, sauya masa mazauni kawai yake yi. Gwiwa ta ɗan sarara, sharaɓa da agara su ɗauki kayan. Kuma duk wanda ya hau, ai sai ya sauko. Bidiyoyin nan ba kasafai suke faɗin yadda za a sauko ba.

Sai batun gudun ƙure ƙarfi. Tsokar bayan cinya ta fi yagewa a daidai lokacin da ƙafa ta wulla gaba tana shirin sauka, domin a lokacin tana miƙewa kuma tana taka birki. Tsokar da ba ta saba da wannan saurin ba, ita ce ke ba da kai. Wani bincike na Malone da abokan aikinsa a 2017, kan 'yan ƙwallon gargajiyar Ailan, ya nuna masu taɓa kusan ƙurewar gudunsu a kai a kai sun fi tsira, amma in an yi yawa haɗarin ya dawo. Lura fa: bibiyar 'yan wasa aka yi, ba raba su aka yi gida biyu aka gwada ba, kuma a fili suke gudu. Tudu kuwa rage sauri yake yi ya gajarta taku, don haka ba ya kai tsokar inda fili ke kai ta.

Hujjar da ta fi ƙarfi ma ba ta gudu ba ce. A 2011, Petersen da tawagarsa sun raba 'yan ƙwallon Denmak 942 gida biyu. Waɗanda suka yi atisayen Nodik, wato ka durƙusa a riƙe maka ƙafafu ka riƙa faɗowa gaba a hankali, sun samu rauni 15. Ɗaya ɓangaren 52.

Ka ga duk 'yan ƙwallo ne. Mai gudun safe na kilomita 5 ko 10 ba yagewar tsoka ce ta fi damunsa ba. Nasa ciwon gwiwa ne, da ƙwauri, da agara, masu taruwa sannu a hankali in an ɗora wa jiki fiye da abin da ya saba.

Don haka tudu atisaye ne mai kyau, amma ba laya ba ne. In za ka fara, ka ɗumama jiki, ka hau na daƙiƙa 8 zuwa 10 sau huɗu, ka sauko da tafiya, ka ƙara kaɗan-kaɗan cikin makonni. In kuwa agararka na ciwo da safe in ka taka ƙasa, bar tudun nan tukuna, ka ga likitan ƙashi ko mai gashi na asibiti.