Tarken fim ɗin Wag the Dog: idan gani ya daina korar ji

Akwai fina-finan da sunansu ya fi su yawo a bakin mutane. Wag the Dog, wanda Barry Levinson ya ba da umarninsa, ya kuma fito a ƙarshen shekarar 1997, yana cikin irin waɗannan. Duk lokacin da wani shugaban Amurka ya shiga tsaka mai wuya a gida, sai kuma aka ji ya harba makamai a wata ƙasa, masu sharhin fatar baki kan ambaci sunan fim ɗin su yi shiru, kamar sun gama magana. Wannan muƙala za ta dubi fim ɗin kansa, sannan ta dubi yadda ya zama ra'ayin aro ga masu hira a kan siyasar Amurka.

Sunan ya samo asali ne daga wani karin magana na Ingilishi da ke nufin ƙaramin abu ya juya babba, wato wutsiya ce ke kaɗa kare. Ɗalibin fassara da ya ɗauko shi kalma da kalma zai bar Bahaushe yana tambayar me ya kawo kare cikin zancen. Abin da ake nufi shi ne karkatar da hankalin jama'a.

Zubin labarin ba shi da sarƙaƙiya. Saura ƙasa da mako biyu a yi zaɓe, sai aka zargi shugaban ƙasa da neman wata yarinya a cikin fadarsa. Aka kira Conrad Brean (Robert De Niro), gwanin gyaran ɓarna, shi kuma ya nemo wani mai shirya fina-finai na Hollywood, Stanley Motss (Dustin Hoffman), suka ƙirƙiro yaƙi da ƙasar Albaniya. Babu soja ko ɗaya da ya taka ƙasar, yaƙin duka a talabijin aka yi shi. Hilary Henkin da David Mamet ne suka tsara labarin daga littafin Larry Beinhart mai suna American Hero, na 1993.

Inda fim ɗin ya fi armashi shi ne wurin sarrafa harshe da hoto. Tun da farko Brean ya sa a fito a musanta cewa wani jirgin yaƙi mai suna B-3 yana da hannu a lamarin, alhali babu jirgin ma sam. Ƴan jarida ba su taɓa jin sunansa ba, amma da aka musanta sai suka bi shi da gudu. Wannan dabara ta cancanci ɗalibin harshe ya tsaya a kanta: jimlar korewa tana ɗauke da abin da take korewa, kuma mai saurare ya fi riƙe sunan da aka ambata fiye da "ba" ɗin da ke kewaye da shi. Daga nan sai fitowar da ta fi kowace shahara. An sa wata yarinya (Kirsten Dunst) ta ruga a guje cikin ɗakin ɗaukar hoto, rungume da ƙunshin soyayyen abin taɓawa. Masu na'ura suka ɗora ƙauye yana cin wuta a bayanta, suka ƙara kururuwa, suka mayar da ƙunshin ya zama ƴar kyanwa. Har gardama aka yi a kan launin kyanwar, shugaba ya ce fara yake so. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, to a nan ganin ne aka saya. Wannan zambo ba daga sama ya faɗo ba. A watan Oktoba na 1990 wata yarinya ƴar shekara 15 ta ba da shaida a Washington cewa sojojin Iraƙi sun fitar da jarirai daga kwalaben renonsu a asibitin Kuwait; daga baya aka gano ƴar jakadan Kuwait ce a Amurka, kuma kamfanin tallata manufa na Hill & Knowlton ne ya shirya yekuwar.

Hoffman ya yi wasa mai kyau, har aka sa shi cikin ƴan takarar lambar Oscar. Motss ɗinsa mutum ne mai ƙishirwar yabo, kuma ƙishirwar ce ta kashe shi, don da ya nace sai duniya ta san aikinsa ne, aka wayi gari da labarin wai ciwon zuciya ya ɗauke shi.

Sai dai fim ɗin yana da rauni, kuma raunin ba ƙarami ba ne. Jama'ar Amurka a cikinsa garke ne kawai: a ba su waƙa su rera, a ce su jefa tsofaffin takalma a kan bishiya don tunawa da sojan bogi, su jefa. Babu ɗan jarida ɗaya da ya ɗaga waya ya kira Tirana. Albaniyawa kuwa ba a ba su baki ba. An zaɓi ƙasarsu ne don Amurkawa ba su san kome a kanta ba, fim ɗin ya yi wa wannan jahilci dariya, amma shi ma bai leƙa ƙasar ba. Mai kallo yana fita da jin cewa shi ya fi sauran jama'a wayo, kuma irin wannan jin daɗi ba ya sa mutum bincike.

Abin da ya ɗaukaka fim ɗin dace ne. Ƴan makonni bayan fitowarsa, a Janairun 1998, batun Bill Clinton da Monica Lewinsky ya fashe. Ranar 7 ga Agusta aka kai hari ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam, mutane fiye da 200 suka mutu. Ranar 17 Clinton ya amsa cewa ya yi hulɗar da ba ta dace ba, ranar 20 kuma makamai masu linzami suka faɗa kan sansanoni a Afganistan da masana'antar magunguna ta Al-Shifa a Khartum. Nan take ƴan jarida suka jefa wa sakataren tsaro William Cohen tambaya a kan fim ɗin. Haka aka maimaita a Disamba, lokacin da aka yi wa Iraƙi ruwan bama-bamai na kwana 4 daidai da zaman majalisar wakilai a kan tuhumar shugaban.

A nan ne ra'ayin aro ya yi ɓarna. Muhawarar ta koma kan niyyar Clinton, abin da babu mai iya tabbatarwa, aka bar tambayar da ke da amsa: me ake yi a Al-Shifa? Amurka ta ce samfurin ƙasa da aka ɗebo a kusa da wurin ya nuna sinadarin haɗa iskar guba ta VX. Sudan ta musanta, ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko masu bincike, ba a aiko ba. A 1999 Amurka ta saki kuɗin mai masana'antar da ta riƙe. Wurin yana cikin manyan masu samar wa Sudan maganin zazzaɓin cizon sauro da na dabbobi, kuma ba a sake gina shi ba. Yaƙin Motss babu gawa a cikinsa sai ta sojan bogi da tasa. Mai jinya a Omdurman da ya rasa ƙwayar zazzaɓi a damunar 1998 ba shi da gurbi a cikin labarin, ba shi kuma da shi a bakin masu ambaton sunan fim ɗin.