Maharban da Ba Sa Zub da Jini

Gawo itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa. Idan damina ta sauka, kowace bishiya ta yi kore shar, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya fayau a tsakiyar gona, ya bar wa gero rana. Sai an yi girbi, kuka ta fara zubar da nata ganyen, sannan ya tofo, ya zama inuwar awaki har ƙarshen rani. Kowane manomi ya san haka. Amma wanda zai ɗora maka wannan al'amari a tafin hannu ka gan shi a kallo ɗaya, shi ne mutumin da ya zaɓi gawo guda, ya ajiye dutse ya shaida inda ya tsaya, ya riƙa komawa nan da kyamara a bazara da damina da kaka da hunturu.

Irin waɗannan mutane nake so a san darajarsu. Ba masu shagon hoto ba ne, ba kuma masu bin biki da suna ba. Za ka iske malamin makaranta ne, ko ma'aikaciyar jinya, ko ɗalibin da ya yi tari ya sayi kyamara 'yar gwanjo. Ranar Asabar kafin gari ya waye sun fita, ba wanda ya aike su, ba wanda zai biya su. Idan suka nuna abin da suka samo, abin da aka fi ce musu shi ne, "Kai, wannan kyamara taka ba dama!" Yabo ake nufi, amma ƙarfe aka bai wa ladan mutum. Kyamara ba ta san watan da shamuwa ke isowa ba, ba ta san ta ina iska ke kaɗawa ba. Mai riƙe da ita ne ya sani, kuma wannan sanin shi ne gwanintar.

Abu na farko da suke koya shi ne halin rana. A ƙasashen da ke can arewacin duniya, rana kan daɗe tana rarrafe a gefen sama, hasken safiya ya yi ta jan lokaci. Mu nan kusa muke da tsakiyar duniya. Kano digiri 12 kawai take arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka ranarmu miƙewa take yi tsaye ta haye. Hasken nan mai laushi da ke shigowa ta gefe ya fito da kowane gashi na jikin dabba, da ƙyar yake kai sa'a guda, kafin hantsi ya dubi ludayi ya wuce. Da tsakar rana launi kan kwanta, inuwa ta taru a ƙarƙashin ido da ciki. Sai a nemi gindin itace a jira la'asar sakaliya.

Bazara, wadda kowa ke kuka da ita, lokacin ne kasuwar mai neman namun daji ke ci. A ɗauki Yankari ta jihar Bauchi, dajin da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,200. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko'ina, dabbobi sun watse, sai ka yini ba ka ga komai ba. Amma daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ciyawa ta kwanta, ƙananan tafkuna sun ƙafe, ƙishirwa na koro kowa zuwa kogin Gaji: ɓauna, gwanki, gwambaza, mazo, gadu, in an yi sa'a har giwaye, waɗanda garkensu na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Gwani ba ya yawo yana neman dabba. Ya san inda dole ta zo, sai ya riga ta zuwa.

A nan ne ake bambanta shi da sabon shiga. Mota ta tsaya a bakin mashaya, sai ya roƙi direba ya kashe inji, domin dogon gilashin da ke jawo nesa kusa yana ƙara girman kowace girgiza kamar yadda yake ƙara girman dabbar. Ya ɗauko 'yar jakar da ya cika da wake, ya ɗora a bakin taga, ya kwantar da gilashin a kai. Gwanki ya fito daga duhuwa, ya tsaya yana karkaɗa dogayen kunnuwansa. Sabon shiga tuni ya danna sau goma, ya samu hoton dabbar da ke shirin gudu. Gwani bai taɓa komai ba. Ya bar shi ya saki jiki, ya sunkuya ya sha, ya ɗago kai ruwa na ɗiga daga leɓensa, hasken safiya ya faɗa a ƙwayar idonsa. A idon nan yake ɗora saiti, domin idan ido ya fito rangadau, mai kallo kan yafe duk sauran; idan ido ya yi dishi-dishi, hoton ya mutu. Jagora ya raɗa masa, "Malam, kada ka motsa, akwai na biyu a baya." Sai ya ƙara jira. Kuma ya san dole a gama kafin rana ta ɗaga, don da ƙasa ta ɗauki zafi kawalwalniya za ta tashi, duk abin da ke nesa ya riƙa rawa, ba gilashin da ke maganin wannan. (A sansanin Wikki na Yankari kuwa, gwaggon biri ba ya buƙatar a jira shi. Jakarka za ka riƙe gam.)

Duk wanda ya taɓa zama da maharba zai gane daga ina wannan natsuwa ta fito. Maharbi kan ɗebi ƙasa mai laushi ya saki ya ga inda iska ta kai ta, sannan ya zagaya ya tunkari nama ta inda warinsa ba zai isa gare shi ba. Yana karanta sawu da kashi, ya san na jiya da na ɗazu. Wasu ma sukan ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya suna kwaikwayon tafiyarsa har su kusanci garke. Mai ɗaukar hoton kirki ya gaji wannan duka: tufafi masu launin ƙasa, ba turare, ba tafiya kai tsaye zuwa ga dabba, da durƙusawa har idonsa ya zo daidai da nata. Wanda ya yi wayo yakan nemi tsohon maharbi ko makiyayi ya zama malaminsa, ya kuwa samu a rana ɗaya abin da littafi ba zai ba shi a shekara ba.

Da gajimare ya fara haɗuwa, sai aikin ya koma gida. Shamuwa ta dawo daga kudancin Afirka, inda take rani, ta ɗora sheƙa a kan tsamiya ko kukar tsakiyar gari. Ba ta tsoron mutane, don ba a taɓa ta, shi ya sa ba tsuntsun da ya fi ta dacewa da mai koyo: kana zaune a ƙofar gida za ka ɗauke ta tana kawo kara, tana ciyar da 'ya'ya, har ranar da za su fara gwada fiffike. A fadama kuma namijin mulufi, wanda ya yi rani da launin ƙasa ba mai kula shi, ya sake riga ya zama ja da baƙi yana bubbuɗa gashi a kan karan ciyawa. Ga masu son hoton fili, a ganina babu kamar minti goman nan kafin ruwa ya sauko, lokacin da hadari ya yi baƙi ƙirin a gabas, ranar yamma kuma ta haske gonar gero a gabansa. Sai dai gwani ya san iyaka. Da ya ji tsawa ta matso yakan naɗe kayansa, ba ya kuma fakewa gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili.

Kaka gajeruwa ce, launinta ruwan ƙasa da ja: dammunan gero, dawa ta sunkuya, shanu sun shiga gonakin da aka girbe.

Hunturu kuwa shi ne jarrabawa. Hazon da iska ke kwasowa daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, yana shafe shuɗin sama ya dushe launi, har wasu su ajiye kyamara sai ya wuce. Masu ido ba sa ajiyewa. Sun gane hazo na jera abubuwa hawa-hawa: giginyar kusa ta yi baƙi, ta bayanta ta yi toka, dutsen can nesa ya zama inuwa kawai. Idan makiyayi ya koro shanu da yamma, sai su fuskanci rana maimakon su ba ta baya, ƙurar kofato ta kama haske, ƙahoni su fito a cikinta. Farashin hunturu shi ne ƙura. Ba a sauya gilashi a fili, ba a goge shi da bakin riga, don ƙwayar yashi kan karce shi. Hura shi ake yi da 'yar roba mai busa iska, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi.

A wannan lokaci ne kuma dausayin Haɗeja da Nguru ke cika da baƙi. Tafkin Nguru ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, kuma a yankin ne mafakar tsuntsaye ta Dagona take. Agwagin ruwa da wasu tsuntsayen bakin ruwa kan tsallako Sahara daga Turai su iske dinya da kirinjijiya da zalɓe, su zauna har wajen Maris. Tsuntsu a sama ya fi komai wuyar kamawa. Dole ƙiftawar kyamara ta yi sauri, kashi ɗaya cikin 1,000 ko 2,000 na daƙiƙa, in ba haka ba fiffike ya narke. Mai ɗauka kan bi tsuntsun da dukan jikinsa daga ƙugu, ya danna ba tare da ya tsaya ba. Da yake tsuntsun ruwa iska yake fuskanta idan zai tashi, gwani kan tsaya iska na bayansa, sai tsuntsun ya taso ta wajensa. Belbela ma tana da nata tarkon: farinta kan ruɗi kyamara ta fito fau ba gashi ko ɗaya, sai an rage haske kaɗan. Ko a waya ana yin haka, a taɓa jikin tsuntsun a fuskar wayar a ja hasken ƙasa. Na faɗi wannan ne don kada rashin babbar kyamara ya zama hujja. Waya ba za ta kamo dinya a sama ba, amma ta isa ga hadari da hazo da fari a kan zangarniya.

Abin da ya fi ƙara mini ganin girmansu shi ne abin da ba sa yi. Ba sa jifan tsuntsu don ya tashi, ba sa yanke reshen da ya rufe sheƙa, don sun san inuwar nan ce ke kare 'ya'yan daga rana da shaho. Idan dabba ta daina kiwo ta zuba musu ido, sun san sun matso da yawa, sai su ja baya ko da hoton zai tafi.

Kuma hoton nan ba ado kaɗai ba ne. Raƙuman dawan Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, su ne suka rage na irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 kawai aka ƙirga; kafin 2020 sun haura 600. Da hoto ake ƙidayar su, a ɗauki kowanne ta dama da ta hagu, domin zanen jikin wani ba ya zama ɗaya da na wani. A Najeriya ma, cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar, kuma 'yan sa-kai ne ke kai mata bayanan abin da suka gani a garuruwansu. Ungulu da muka tashi muna gani a kowace mahauta, tun 2015 take cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Mutum nawa ne suka ɗauki hotonta lokacin da take cika kan rumfuna?

Na san dazuzzuka da dama yanzu rashin tsaro ya hana shiga, ba kuma na ce kowa ya sa kansa a haɗari ba. Fadamar bayan garinku ta isa. Ka fara gaida mai unguwa da masu gonakin wurin ka gaya musu abin da ya kawo ka, ka fita bayan sallar asuba, ka koma wata mai zuwa. Duk hoton da ka ɗauka kuma, don Allah ka rubuta masa sunan wuri da kwanan wata.