Shayin Buzaye da Matsayin Kayan Ƙamshi a Cikinsa

Duk wanda ya taɓa zama a Agadas ko Damagaram bayan sallar La'asar, ya ga an jawo ɗan murhun waya an hura gawayi, an ɗora 'yar buta, an jera ƙananan finjalai bisa faranti, to, ya san dafa shayin Buzaye aiki ne mai rukunai da sharuɗɗa, wanda in aka saɓa wa ɗaya daga cikinsu harshe ne zai fara ba da shaida.

Asalin ganyen kore ne, daga ƙasar Sin, galibi lardin Jejiyang, inda ake nannaɗe shi ƙanana ƙanana har ya yi kama da albarushi. Masana tarihi suna danganta yaɗuwarsa a Magrib da yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, sa'ad da fataken Ingila suka karkata da hajarsu zuwa tashoshin Tanja da Sawira, daga can kuwa ayarin raƙuma suka ƙetaro da shi Sahara. Ganyen da ya sha irin wannan tafiya ba ya rasa ƙura, shi ya sa gwani yakan fara ɗauraye shi da ruwan zafi kaɗan, ya zubar, kana ya shiga dahuwa.

Hikimar al'adar tana cikin zubi uku da ake yi da ganye ɗaya. Na farko mai ɗaci ne ƙwarai, domin a nan ganyen ke sakin mafi yawan ƙarfinsa, kuma a ra'ayina haƙƙinsa ne a bar shi daga shi sai sukari, saboda da shi ake gane ko ganyen na kirki ne ko kuwa ya tsufa a kanti. A zubi na biyu, da ɗacin ya risina, sai na'a-na'a ta shiga, ita ma a ƙarshen dahuwa, gama ƙamshinta mai saurin tashi ne, in ta daɗe a wuta tururi ya tafi da shi, a bar mutum da ɗanɗanon dafaffen ganye. Na uku, wanda ganyen ya riga ya raunana, shi ne muhallin kanumfari da citta da kirfa. Kowannensu kuwa da ɗabi'arsa: busasshiyar citta, irin wadda ake nomawa a Kaciya, ba ta ba da yajinta sai an daddaka ta ta jima tana tafasa, alhali kanumfari, wanda Zanzibar da Pemba suka shahara da shi, ƙwaya biyu ko uku sun wadatar a 'yar buta, domin man da ke cikinsa yana kashe kaifin harshe, dalilin da ya sa tun kaka da kakanni ake ɗora shi a kan haƙori mai ciwo.

A nan ne nake da saɓani da abin da ya zama yayi a majalisu da fadodin samari, inda ake tara citta da kanumfari da kimba da masoro, a antaya su gaba ɗaya tun zubin farko, a bar su su yi ta ɓararraka har ruwan ya yi baƙi ƙirin, wai don a sami magani. Wannan israfi ne, kuma yana ɓata mini rai, domin mustahabbi ne aka fifita a kan farilla. Ganyen da aka saya da tsada ya ɓace, ba a jin komai sai zafi a maƙogwaro.

Ɗaga buta sama a tsiyayo, a juye daga finjali zuwa finjali, shi ma yana da dalilinsa na hankali: sukari ya narke ya gauraya, zafi ya sauka daidai baki, kumfa ta tsaya a kai. Mai ɗanɗano na gaskiya yakan fara kai finjalin hanci, sa'an nan ya kurɓa kaɗan tare da iska, ya bar shi ya zaga baki, ya saurari ɗacin ganye ya zo ya wuce, zaƙi ya biyo baya, ƙamshin kanumfari ya iso daga ƙarshe, a lokacin kuwa mai dahuwa ya riga ya ƙara gawayi.