Wuƙar Maƙera da Masu Yi Mata Jana'iza

An daɗe ana yaɗa cewa zamanin wuƙar maƙera ya wuce, wai wuƙar aljihu mai naɗewa ta ƙwace kasuwa. Mai faɗin haka bai taɓa tsayawa bakin maƙera ana jibi Babbar Sallah ba.

Wuƙa mai naɗewa 'yar masana'anta ce. Opinel ta fito daga Faransa a 1890. Okapi, wadda ta cika kasuwannin Afirka, a Solingen ta Jamus aka fara ta a 1902, aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Ran kowacce yana kan ƙusa ɗaya da ruwan wuƙar ke juyawa a kai. Ranar da ƙusar ta saki, wuƙa ta fara rawa, in kuma jini da kitse suka shiga ramin, sai wari. Ta yanka igiya, ta fere rake, ban musa ba. Amma wa ya taɓa feɗe sa da ita?

Masu suka ba sa duba abin da ke faruwa tsakanin zugazugi da kaskon ruwa. Maƙerin baƙi zai samo tsohon sifirin mota, ya binne a garwashi har ya yi jawur, ya ɗauko da awartaki ya aza kan uwar maƙera, ya bi shi da masaba yana sirantar da baki yana barin baya da kauri. Wanda ya san aikinsa ba ya tsoma ruwan wuƙar gaba ɗaya, bakin kaɗai yake shayarwa. Baki ya yi tauri ya riƙe kaifi, baya ya zauna da ɗan laushi, in ta haɗu da ƙashi ta jure maimakon ta tsinke. Wutsiyar kuwa da zafinta ake soka ta cikin ƙota, ta ƙona wa kanta hanya, itace ya damƙe ta. Ba gaɓa, ba abin da zai saki.

Ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, wadda aka kafa a 1976, irin wannan take jarrabawa: wuƙa ta datse igiya mai reto da sara ɗaya, ta raba katako sau biyu, ta aske gashin hannu, sannan a lanƙwasa ta sosai ba ta rabe biyu ba. Mahaucinmu da babban yatsa yake tasa jarrabawar.

A ganina ciwon kasuwar yana wajen kube. Da can maƙeri na gamawa sai baduku ya karɓa ya ɗinka mata gida. Yau a takardar buhun siminti ake naɗe ta a miƙa maka tsirara, shi ya sa mai saye ke komawa ga wadda ke shiga aljihu. In ka sayi wuƙar layyarka bana, ka biya ta wajen dukawa kafin ka kai ta gida.